Faifan da Iya ta rufe wa baki

Shekara bakwai ke nan cif da aka fitar da Iya daga gidanmu na Gagarawa zuwa makwancinta, kuma a shekara bakwai ɗin nan ko sau ɗaya ba ta zo mini a mafarki ba. Da wannan na fara domin shi ne yake ci na. Na san masu irin wannan rubutu sukan fara da jero halayen mamaci, a ce mai haƙuri ne, mai zumunci, mai kyauta. Iya, mahaifiyar babana, ta haɗa duk waɗannan, Allah Ya jiƙanta, amma an faɗe su a zaman makoki har an gaji. Abin da ba a faɗa ba shi ne ta bar jikoki mata biyu sa'o'in juna, ni da Bilki 'yar Baffana, kuma har yau ɗaya kawai take ziyarta. Bilki tana ganinta kusan kowane wata. Ni da na girme ta da wata huɗu, ni da nake jikar fari, ko leƙe.

Ba zan shafa wa abin hoda ba, kishi nake yi. Malamai su yi haƙuri, ba wai so nake a raba Bilki da abin da aka ba ta ba. So nake ni ma a ba ni.

Sannan akwai maganar faifai. Shekara da shekaru yana rataye a bangon ɗakina a nan Gumel, shi kaɗai ne abin da Iya ta ɗinka da sunana. Watan jiya Bilki ta zo neman aronsa, wai za ta kai shi wani baje kolin sana'ar hannu a Dutse, a rubuta labarinsa a takarda a manna a ƙarƙashinsa, kowa ya karanta. Labarin nan kuwa ƙarya ne. Ni na shirya shi ina shekara goma sha huɗu, kuma na yi shekara goma ina zaton daga ni sai Allah muka sani.

Bari in koma baya, don wanda bai san Iya ba.

Sana'arta ɗinkin faifai. Kaba ake kawo mata daga wajen Sule Tankarkar, ta tsattsaga ta siri-siri da farce, ta rina a tukunyar galura, ta shanya a kan danga, har gidan ya zama kamar ana biki. Faifan rufe ƙwarya da na bakace tana yin su kamar kowa, tana hira tana yi, ko kallon hannunta ba ta yi. Waɗannan su ake kaiwa kasuwa. Amma akwai waɗanda ba a sayarwa, su ne na mafarki.

Dokarta ce, duk wanda ya yi mafarki a gidan, wajenta zai fara kaiwa da safe kafin ya gaya wa kowa. Idan rana ta ɗan ɗaga an sha koko, sai ta zauna a ƙofar ɗakinta ta miƙe ƙafafu, basilla soke a ɗankwali, kaba a gefe. Ta yi imani wanda ya fara fassara maka mafarki, a kan maganarsa abin zai sauka. Shi ya sa tun ba ka kai rabi ba za ta ce, "Alheri ne, in sha Allahu," da sauri, kamar mai rufe tukunya kada ƙuda ya faɗa. Bayan wannan ba ta ƙara komai. In an matsa mata da cewa to mece ce fassarar, sai ta ce a je wajen malamai, ita mai kaba ce. Amma idan mafarkin ya zauna mata a rai, sai ta ɗinka shi.

Ba hoto take yi ba. Ba za ka ga mutum ko dabba a faifan Iya ba. Ruwa shuɗi ne mai lanƙwasa, hanya jan layi ce. Tsoro kuwa baƙi da ɗorawa take haɗawa ƙanana-ƙanana, a matse, har idonka ya ji ba daɗi. Maciji ba ta taɓa ɗinka shi ba, sai dai ta yi sawun inda ya bi. Idan mamaci aka gani, sai ta bar fili fari tas a tsakiyar launi, kamar wurin da aka ɗauke tabarma a tsakar gida. Daga cibiyar faifai take farawa, inda mafarkin ya fara, tana zagayowa tana bin labarin. Tambaya ɗaya ce kullum take yi in an gama ba ta: "A ina kika farka?" Inda aka ce nan aka farka, nan take yanke launi, ko da tsakiyar zane ne. Sauran sai ta ƙarasa da farar kaba zalla har baki. Baƙo in ya gani yakan ɗauka galura ce ta ƙare mata.

Bilki kuwa kamar don Iya aka halicce ta. Yarinya ce mai sanyi, magana ɗaya sai ta yi minti tana jan ta, a aji kuma malamai sun haƙura da ita. Amma barcinta kasuwa ce. Yau ta ga akuya sanye da takalman Baffa tana tambayar hanyar Maigatari. Gobe rijiyar gidanmu ta koma cikin ɗaki ana ɗiban gero a ciki da guga. Ta taɓa ganin haƙoranta sun zama gyaɗa tana ɓarewa tana rabawa. Iya ta saurara, ta yi dariya har ta share ido da gefen zane, ta jawo kaba.

Ni kuwa in na kwanta kamar an kashe fitila, in na tashi kamar an kunna. Tsakani babu komai. Kullum Iya za ta dube ni ta ce, "'Yar azarɓaɓi, yau me aka nuna miki?" In ce babu. Ta ce, "To je ki yi wanke-wanke." Ina durƙushe gaban kwanuka ina jin su suna ƙus-ƙus, Bilki ta kwantar da kai a cinyarta. Ni ce ta ɗaya a aji, in abu ya ɓaci ta biyu. Ranar da na kawo mata katin sakamako da gudu, ta riƙe shi kai a ƙasa, ta ce madalla, sannan ta shiga fifita da shi saboda zafi. Kafin mu kai shekara goma sha huɗu Bilki na da fayafayai tara jere a bango. Ina ƙirga su duk safiya kamar za su ragu.

A shekarar ne malaminmu na Hausa ya koya mana insha'i. Ya ce kowane rubutu mai kyau sai da gabatarwa, da gundarin labari, da kammalawa, wanda ya bar kammalawa kuwa rabin makinsa ya tafi. Ina zaune a ajin nan tunanin ya zo mini. Idan ba a ba ni mafarki ba, me zai hana in yi da kaina? A bayan littafin lissafi na rubuta shi lokacin hutun tara a makaranta, na gyara, na sake gyarawa, na haddace.

Washegari na wuce kwanuka na je na tsaya a kansu.

"Iya, ni ma na yi."

"Kin yi me?"

"Mafarki mana."

Ta ɗago ta dube ni, ta zare basilla daga faifan da ke hannunta. "To, bismilla. Bilki, matsa mata."

Matsa mata. Har yau ban ji magana mai daɗin wannan ba.

Na zauna na zuba. Wai farin raƙumi ne ya taho daga hanyar Maigatari, ya durƙusa a ƙofar gidanmu ya kira sunana. Na hau, ya kai ni wata rijiya a tsakiyar daji. Na zura guga, da na jawo sai ga taurari cike da shi maimakon ruwa. Na kawo gida na rarraba wa kowa, gidan ya haskaka, kowa ya yi ta sa mini albarka, raƙumin ya tashi ya koma inda ya fito. Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

"A ina kika farka?" in ji Iya.

"Ai sai da ya ƙare tukuna."

"Ya ƙare."

"Ƙwarai kuwa."

"Raƙumin ma har ya yi sallama?"

"Ya yi."

Bilki ta cusa fuska a hijabi, kafaɗunta na rawa. Na ɗauka baƙin ciki ne ya kama ta, na ji daɗi. Iya ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Allah Ya yi miki albarka." Sai bayan shekara goma na tuna cewa daga farkon labarin har ƙarshensa ba ta ce alheri ne ba. Ba ta yi saurin rufe tukunyar ba, domin ta san babu komai a ciki.

Amma ta ɗinka shi. Cibiya baƙa wuluk, ita ce rijiya. Daga nan ɗigon ɗorawa suna fitowa suna yawaita. Tozon raƙumi fari yana hawa yana sauka a kan shuɗi, ya zagaye faifan gaba ɗaya ya dawo inda ya tashi, ba tare da ya yanke ba. Bakin kuma ta rufe shi da ja, zagaye uku, babu inda farar kaba ta leƙo. Shi kaɗai ne a duk fayafayan mafarkinta launi ya kai har baki. Matan maƙwabta suka riƙa shigowa kallo. Wata Badamagariya da ke zuwa sarin fayafayai ta nace sai an bar mata shi, Iya ta ce wannan da mai shi. Na sa masa suna Farin Raƙumi. Na ce wa Bilki, "Naki tara, amma duk guntaye ne. Nawa ɗaya, cikakke." Ta ci gaba da tsattsaga wa Iya kaba. Na ɗauka na yi nasara.

Daga baya a Islamiyya aka karantar da mu cewa ƙaga mafarkin da mutum bai gani ba laifi ne mai nauyi, ba irin ƙaryar yara ba ce ta na wanke hannu alhali ba a wanke ba. Na yi istigfari, har yau ina yi. Sau biyu na je ƙofar ɗakinta da niyyar in faɗa, sau biyu ina ɓigewa da tambayar ko a ɗebo mata ruwa. Ba dukan Baba nake tsoro ba. Tsorona kada ta ce in sauko mata da faifan, ta farke shi ta yi na bakace da kabar, in koma wajen kwanuka.

Ina ajin ƙarshe na sakandare ta rasu, a ƙarshen damina, ana shirin yankan gero. Kwana huɗu ta yi a kwance. A rana ta uku ta zare basillarta daga ɗankwali ta danƙa wa Bilki. Ina tsaye a wajen, riƙe da kofin ruwan da za ta sha. Ni ta ce mini in daina tafiya kamar ana bina, ƙarar takalmina na hana ta hutawa. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Yanzu Bilki na aure a Maigatari, ita ke ɗinkin. Ranar Alhamis, ranar kasuwa, matan Nijar har gida suke bin ta, hotunan fayafayanta na yawo a waya, mutanen da ba su taɓa taka Gagarawa ba suna kiranta magajiyar Iya. Tana cewa Iya kan zo ta zauna ta miƙe ƙafa, ta nuna mata launi da yatsa. Ni kuma ina aiki a shagon buga takardu kusa da tasha, daga safe zuwa la'asar ina buga wa ɗaliban kwaleji kundin kammala karatu. Da yawansu a kan alamomi a adabi da al'ada suke rubutu. Na buga shafi ya fi a ƙirga inda aka ce fari na nufin tsarki, raƙumi na nufin haƙuri, rijiya na nufin ilimi, an jera su kamar jadawalin sau. Ina bugawa ina tsaki. A hannun Iya fari yana nufin akwai wanda ya kamata ya kasance a nan amma ba ya nan, kuma ba a littafi ta samo ba, 'ya'ya uku ta binne.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Kulolin abinci da robobi masu murfi sun kori faifai daga kan ƙwarya, ya koma ado a bangon falo da otal. Ina jin wannan ba zai dame ta ba, na mafarki dama ba a rufe tuwo da su. Abin da zai tayar mata da hankali shi ne waya. Yarinya za ta farka, tun ba ta wanke ido ba ta rubuta mafarkinta a zauren hira, mutum ɗari da ba su san ta ba, ba su kuma damu da ita ba, su hau fassara. Wannan ya ce mutuwa ce, wancan ya ce asiri aka yi mata. Babu mai cewa alheri ne da sauri. Da Iya na nan, na tabbata sai ta sa an karɓe wayoyin gidan an kulle a kwalla har a gama shan koko. Su kuma ɗaliban nan masu jadawali, ina jin za ta saurare su tsaf, ta ce madalla, ta yi fifita da kundin.

To, watan jiya sai ga Bilki, adaidaita ya sauke ta a ƙofar gida, da ƙullin cuku ta kawo mini tsaraba. Muka gaisa, ta sha ruwa, ta yi ta jan magana yadda ta saba har na ce mata ta faɗi abin da ya kawo ta, wanki ke jirana. Ta ɗaga kai ta dubi bango.

"Ruƙayya, dama aron Ƙurunƙus na zo yi."

"Aron wa?"

Ta dafe baki da hannu.

"Sunansa Farin Raƙumi," na ce.

"E, haka ma ake ce masa."

Duk wanda aka taɓa yi wa tatsuniya ya san inda ake cewa ƙurunƙus. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi a baya. Na ce ta faɗa mini wanda ya sa masa wannan suna, ko kuma ta tashi ta bar mini ɗaki.

"Iya ce," ta ce, idonta a ƙasa. "Tun ranar. Da kika tafi makaranta ta ce, duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa jin mafarkin da ya kai ƙarshe ba, mutum farkawa yake yi. Ta ce abin da ke da ƙarshe tatsuniya ne."

"Wa da wa suka sani?"

"Ummarki, da... kowa dai. Amma ta ce duk wanda ya nuna miki ya sani, babu ita babu shi. Wallahi suɓutar baki ne, Yaya."

Bilki ba ta taɓa ce mini Yaya ba sai ta ga na fusata. Shekara goma! Shekara goma ina nuna wa baƙi jan bakin nan ina cewa ku duba, nawa ne kaɗai cikakke, ashe hatimi ne aka buga mini, kowa a gidanmu yana karantawa sai ni mai zuwa ta ɗaya. Kammalawar da na yi don kada makina ya ragu, ita ta tona ni. Na ce wa Bilki ta ɗauki cukunta. Ta bar shi a kan tabarma ta tafi.

Ranar Asabar na hau mota sai Gagarawa. Na tarar da Umma, mahaifiyata, tana tsince wake a inuwar rumbu. Ko zama ban yi ba na ce ashe haka aka yi mini a gidan nan. Ta fahimci zancen nan take, ta fashe da dariya har waken ya zube.

"Ke da kika wuni a bayan rumbun nan kina motsa baki kina hadda kamar za ki sauke Alƙur'ani? Har kaji sun san ƙarya ce."

Na ce to me ya sa Iya ba ta kore ni ba, ta zauna ta mayar da ni abin dariya da kaba da galura. Umma ta daina dariya. Ta ce in zauna, tsayuwata na sa ta jiri.

"Na Bilki kwana biyar take yi, in ya yi tsawo shida. Naki mako uku ta yi a kansa. Sau biyu tana farkewa tana sakewa, wai tozon bai zauna ba. Jan galurar da ta ɓoye don bikin auren Baffanku ƙarami, a bakin faifanki ta ƙare. Wa yake wannan wahala don ya yi dariya?"

"To don me ta yi?"

"Oho. Ki tambaye ta."

Umma ta san inda ke mini ciwo, kuma nan ta taɓa. Ta ina zan tambaye ta?

Na dawo Gumel na yi kwana tara ban kira Bilki ba, faifan kuma na juya fuskarsa bango. A rana ta goma, da safe ina share shago, sai ga saƙon murya daga gare ta. Ta fara da gaisuwa mai tsawo, na kusa sharewa. Sai ta ce ta ga Iya. Wai tana zaune a ƙofar ɗakinta na da, amma ɗakin a tsakiyar kasuwar raƙuma yake, tana riƙe da faifaina tana jujjuya shi a hannu. Ta ɗago ta ce, "Bilki, ki ce wa 'yar azarɓaɓi..."

"Sai jakin maƙwabta ya yi kuka," in ji Bilki. "Sai na farka. Ki yi haƙuri, na koma na rufe ido ko za ta dawo, ba ta dawo ba."

Na saurari saƙon nan ya fi sau goma, tsintsiya a hannuna. Da Bilki so take ta lallashe ni don in ba ta faifai, da ta ƙarasa. Da ta ce Iya ta ce ta yafe, ko ta ce ni ta fi so, ai ba wanda zai ƙaryata ta. Ni da na taɓa ƙaga mafarki na san yadda ake yi, ba a barin sa a tsakiya. Wannan na gaske ne. Kuma gaskiyarsa ce ta fi ƙona mini rai, domin duk direban da ke tasha zai gaya maka, daga Gagarawa zuwa Maigatari sai an bi ta Gumel. Saƙona ne, da sunana a kai, amma ta wuce ta ƙofar gidana ta kai wa Bilki.

Na kira ta. Na ce za ta sami faifan, amma da sharaɗi biyu. Na farko, ni zan buga takardar da za a manna a ƙarƙashinsa, kuma ba za a taɓa ko wasali ba. Na buga ta da kaina a shago: "Sunansa Ƙurunƙus. Ba mafarki ba ne. Wata yarinya ce ta ƙaga shi don kakarta ta ce a matsa mata wuri. Kakar ta gane, amma ta ɗinka." Bilki ta ce mutane za su yi da ni. Na ce gidanmu sun yi shekara goma suna yi, na Dutse su ma su samu rabonsu. Na biyu, ta ɗinka wannan mafarkin da ta yi, ta kawo mini. Ta ce ai mafarkinta ne, kuma na mafarki ba a bayarwa. Na ce mafarkin nata ne, saƙon nawa ne, ta zaɓa. Sai ta ce, "Halinki dai yana nan, 'yar azarɓaɓi." Ban so ta kira ni da sunan ba. Ba nata ba ne. Amma na ƙyale.

Me ya rage na Iya bayan shekara bakwai? Basilla tana Maigatari, hannun ma yana can, ba zan yi musu ba, Bilki ta iya, wani lokaci in na ga aikinta a waya sai na kife wayar. Ɗakinta na Gagarawa an zuba buhunan gero a ciki. Matan gidanmu har yanzu in yaro ya ce ya yi mafarki sukan ce alheri ne tun bai gama ba, wasu ba su ma san daga inda suka ɗauko ba. Ni kuwa abin da ya rage mini shi ne sanin cewa wata tsohuwa ta kama ni dumu-dumu da ƙarya, ta duba ta ga abin da ke bayan ƙaryar, ta zauna mako uku tana soka basilla. Ba ta ce mini gaskiya na faɗa ba, ba ta kuma kunyata ni ba. Ta rubuta abin da ta sani a bakin faifai da jan galura, ta bar ni in karanta ranar da na iya. Na daɗe ban iya ba.

Kada wani ya ɗauka kishin ya tafi. Yana nan. Duk ranar da Bilki ta ce ta ga Iya, sai ya taso mini sabo, kuma ina jin haka zan tsufa.

Ƙurunƙus ya tafi Dutse ranar Litinin. Ƙusar ba ta kwana biyu babu komai ba, wani direba ya kawo mini saƙo daga Maigatari a cikin leda. Ƙaramin faifai ne. A cibiya akwai fili fari tas, Iya ke nan. Sai jan zare ya taso daga gefenta, ya fara zagayowa, bai kai ko rabi ba ya yanke. Daga nan har baki farar kaba ce zalla, ta fi launin yawa nesa ba kusa ba. Duk safiya in na gama shan koko nakan tsaya a gabansa ina kallon wurin da jan ya tsaya.

Allah Ya jiƙan Iya, Ya haskaka kabarinta, Ya yafe mini abin da na ƙaga. Iya, in an sake ba ki hanya, gidan mai koren ƙyaure ne, ɗaki na biyu a hannun dama. Na daina tafiya kamar ana bina, ko dai in ce na rage. Ba sai kin ƙarasa maganar ba. Ki dai fara ta a wajena.